Ranar Jere Aka Rabar da Motocinsa

Da hannun da lallensa ya ɓaci nake danna muku wannan, don haka wadda ta ga harafi ya karkace ta yi min uzuri. Ni ce dai Raudarku ta bakin kanal, wadda kuka daɗe kuna yi wa addu'a a ƙasan rubutu kuna cewa Allah Ya nuna mana ranar. To ranar ta matso, jibi Asabar ne ɗaurin aure. Sai dai abin da ya faru yau ya sa ban san me zan ce muku ba, ku karɓo ɗinkin ankon ko ku dakata. Kuma tun kafin wata ta fara zagin wani a kaina, bari in faɗa muku da bakina, ni ce mai laifin.

Ga wadda yau ta fara shigowa, wanda zan aura sunansa Mudassiru, mutumin Bunkure. Mu kuma muna wani ƙauye a gefen Kura, kanal ya ratsa ta bayan gidanmu. Direban injin yankan shinkafa ne. In shinkafa ta nuna sai ya yi makonni yana bin gonaki, yau Kadawa gobe Madobi, inda dare ya same shi nan zai shimfiɗa buhu a ƙarƙashin injin ya kwana da sauro. Ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa, ko ƙwallo ba ta dame shi ba. Abu ɗaya Allah Ya jarabce shi da shi, motocin roba.

Kada ku ɗauka irin wadda ake saya wa yaro da Sallah ce. Waɗannan a wargaje suke zuwa, ƙananan bulo na roba kamar dunƙulen magi, wasu ma ba su kai ƙwayar wake ba, kowanne da 'yan kawuna a bayansa, ana danna wannan a kan wancan su kama. Mutum zai zauna yana bin hoto yana harhaɗawa har mota ta tashi. Kuma Mudassiru ba kowace yake tarawa ba, sai wadda ake kwana a cikinta. Ka ɗaga rufinta ka ga gado, ga ɗan murhu, ga taga mai labule, wata har da banɗaki. Wasu kuma ɗaki ne guda mai taya, ana ɗaura shi a bayan mota ta ja. Har gurup gare su a waya, manyan mutane masu gemu daga Legas da Abuja da Kaduna, suna ta tura wa juna hoton taya da ƙofa, wannan yana cigiyar abin da ya ɓace masa, wancan yana da biyu zai yi musaya.

Ranar da ya fara nuna min, a soron gidanmu ne. Ya zo zance cikin wata shadda ruwan toka, ya zaro wani abu a nannaɗe cikin hankici yana lallaɓawa, ni kuma har na gyara zama, na ɗauka agogo ne ko turare. Da ya buɗe na ga mota, dariya na yi har mayafina ya zame. Bai ji haushi ba. Jira ya yi na gama, sannan ya ce duk daren da ya kwanta a ƙarƙashin inji abin da yake tunani ke nan, a ce mutum yana da gidan da zai bi shi duk inda aiki ya kai shi, ya ja ƙofarsa, ya dafa shayinsa, iyalinsa na gefe. Ya ce ya san ba zai taɓa mallakar ta gaske ba, shi ya sa yake tara ƙananan. Wallahi a ranar na fara sonsa, ko da yake sai da na ja masa aji sosai kafin ya sani.

A cikinsu akwai wata koriya mai jan ɗan farin ɗaki, ita ce ta fari. A wurin 'yan gwanjo ya tsince ta a Kano cikin leda, ba kwali ba hoto, rabin kayanta ma babu, ya yi ta bin 'yan gurup ɗinsu yana cikawa da ɗai-ɗai. Lokacin mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya, a gefen gadonta yake zama yana haɗawa. Ita Bafulatana ce da ta tashi a ruga, ta yi ƙuruciyarta ana ɗora gida a bayan bijimi ana ƙaura, kafin mutanensu su zauna su kama noma. Ya ce da ta gane abin da yake ginawa sai ta yi dariya, ta ce ashe gidansu na da ne aka sa wa taya. Ita ta danna rufin da hannunta, kuma da ta danna sai ya goce da layi ɗaya. Har ta rasu bai gyara ba, kuma ba ya barin kowa ya taɓa. Bayan an sa mana rana ya turo min hoton cikin motar. Ga ɗan mutum a kan sitiyari, a gefensa kuma ya ƙara wata 'yar mace, ya yanko shuɗin ƙyalle ya yi mata hijabi. A ƙasan hoton ya rubuta, "Fasinja ta shigo."

To a gidanmu kuwa, abin da na so shi a kansa shi ya zama abin kunyata. Wata 'yar'uwarmu ce ta ga motocin a sitatus ɗinsa, magana ta yi tafiya har ta isa kunnen Gwaggo Sa'a, ƙanwar Baba. Gwaggo mace ce da in ta shigo gida ko kaji sai sun nutsu. Turara shinkafa take yi, tukwanenta ba sa sauka daga wuta, kuma ita ta yaye ni, don haka a ganinta aurena nata ne. Tana da nata ɗan takarar, Taufiq, ɗan wan mijinta, mai injin casa a Kura da mota ta gaske mai sanyi a ciki. Duk sanda ta gan ni sai ta ce ga mai motar ƙarfe yana zarya, na tsaya wa mai ta roba. Kafin ka ce kwabo sunan Mudassiru ya ɓace a gidanmu, ya koma angon wasan yara. Duk wannan na daure. Abin da ya karya ni shi ne ranar da Baba ya kira ni bayan magariba, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni a hankali ko na tabbata yaron nan hankalinsa ƙalau yake, don shi tun da yake bai taɓa ganin magidanci yana wasa da motar roba ba.

A nan na yi ƙaryar. Na ce ai tuni ya daina, ƙuruciya ce, waɗanda suka rage ma tarkace ne yana neman yaran da zai raba wa. Baba ya ce alhamdulillahi. Gwaggo tana bakin ƙofa tana ji, ta ce to in haka ne da sauƙi. Daga ranar aka sassauta min, aka karɓi iyayensa, aka sa rana. Ni kuma na ce a raina, bayan biki ai gidana ne, wa zai zo ya leƙa min kanta?

Na manta da jere.

Kun dai san yadda ake yi. Kafin a kai amarya, gwaggonni da ƙannen uwa su kwashi kayan ɗaki su je su shirya gidan, ango ba ya nan, amarya ba ta nan, abin da suka ga dama shi ne doka. Ni na manta, amma Mudassiru bai manta ba. Gidan da ya gina ɗaki biyu ne da falo, kuma a falon ya sa kafinta ya yi masa wata kanta mai gilashi, daga ƙasa har kusa da silin, motocin suna jere a ciki kowace da wurinta. Makon jiya da ya kawo makullan gidan, ya ce yana tunanin ya zuba su a kwali ya kai gidan yayarsa Ummukulsum har a gama biki, sai dai yana tsoron hanya, don in suka girgiza wargajewa suke, ga kuma yaranta.

Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Yaya Mudassir, a gidanka kuma sai ka ɓoye abinka? Ka bar su inda suke. Ni zan gaya wa Gwaggo kada a taɓa kantar."

Ya yi min wani kallo, ya ce shi ya sa yake gaya wa 'yan gurup ɗinsu ya yi dace. Ni kuma na sunkuyar da kai ina murmushi, na karɓi makullan, na karɓi yabon da ban cancanta ba. In kun tambaye ni me ya sa na faɗi haka, so nake ya ci gaba da ganina a matsayin mace ɗaya da ta fahimce shi.

Kuma ban ƙi ƙoƙari ba, Allah ne shaida. Na je gidan Gwaggo takanas, na same ta tana kwashe shinkafa daga tukunya, tururi ya rufe mu, na buɗe baki zan yi maganar sai na ji ina tambayarta ko an karɓo labule. Na sake komawa, na ɓige da taya ta shanya. In na ce kada a taɓa, za ta ce ba ke kika ce ya daina ba? Daga nan magana ta koma wurin Baba, a wayi gari ni ce maƙaryaciya, shi kuma angon wasan yara, ga Taufiq yana jira a gefe. Sai na riƙa yi wa kaina daɗin baki, ina cewa ai kantar a rufe take, ƙila su bar ta, ƙila kayana su ishe su wurin sawa.

Yau da safe mai lalle ta zo. Tana kwaɓa lallenta, Nafisat ƙawata tana yanka mata salatif, ni ina zaune a kan tabarma da tsohon zanin Umma da wata baƙar riga, sai saƙonsa ya shigo.

"Amarya an tashi lafiya? Yau ne jeren ko? Ina Kadawa, hadari yana haɗuwa, mai gonar ya ce sai mun gama kafin ruwa. Kin dai gaya wa Gwaggo?"

Na daɗe ina kallon wayar. A tsakar gida ana ta loda katifa da kuloli a mota, Gwaggo tana ba da umarni da makullan a hannunta, yara suna rige-rigen shiga. Tafiya kaɗan ce tsakanina da ita. Na rubuta, "Na gaya mata. Kada ka damu." Har da ɗan hoton zuciya na sa masa, don ku san irin ƙarfin halina.

Sai da motarsu ta tashi, aka naɗe min hannu da ƙafa a leda, sannan na tuna ɗan makullin kantar yana cikin zoben makullan da na miƙa mata. Da na zare shi kawai, da shi ke nan. Wajen azahar na kasa jurewa, na ja Nafisat gefe na faɗa mata komai. Ta kalle ni ta ce amma dai Rauda ba ki da kirki, sannan ta ɗauki wayata ta yi ta kiran Gwaggo. Wayar Gwaggo kullum tana ƙasan jaka a ƙulle cikin ɗankwali, kuma ranar jere wa yake jin waya? Haka na wuni a zaune hannu a ɗaure, ana ba ni kunun gyaɗa a baki, mata suna tsokanata wai amarya tun yanzu ta fara kewar gida.

Da la'asar suka dawo da guɗa. Gwaggo ce ta fara shigowa, atamfarta ta jiƙe da gumi, ɗaurinta ya zame gefe, ta zo ta zube kusa da ni tana haki. Ban taɓa ganin fuskarta da taushi irin na yau ba. Ta karɓi wayar wata ta ce in kalli bidiyon gidana. Ga gado, ga labule ruwan zuma, ga kafet, sannan aka juyo kan kantar. Tangaran ne a ciki tun daga sama har ƙasa, da kuloli, da wasu tasoshin jan ƙarfe da na sani tun ina ƙarama, na ɗakin aurenta ne, ta goge su ta ba ni ban sani ba.

"Na haƙura, Rauda," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Yaron nan ya yi gida. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Sannan ta ƙara da cewa tarkacen nan da na ce yana neman wanda zai ba, ta rage masa aiki. Ta raba wa yaran maƙwabtansa, ta taho wa namu da sauran. Ta ce dama ga 'yan mutum-mutumi a ciki, ba a kai amarya ɗaki da irin wannan. Tana faɗa tana dariya, irin dariyar wanda ya yi abin alheri.

Da ƙyar na tambaye ta ko har da wata koriya. Ta ce ai ita aka fi rububi, jikokinta ne suka riƙe, kuma tun a mota suke musu wai in aka sa ta a ruwa za ta yi iyo ko za ta nutse.

Ban san lokacin da na yage ledar ƙafata ba. Na fizgi babban hijabin Umma a kan igiya na bi ta ƙofar baya, mai lalle tana kira wai bai kama ba tukuna, Nafisat tana bina da takalmi a hannu.

An sako ruwa daga dam, kanal ya cika har baki. Yaran suna kan simintin da mata ke wanki, sun yi da'ira. Ɗan farin ɗakin yana can a tsakiyar ruwa yana juyawa, tayoyinsa babu. Koriyar kuwa an riga an yi rabonta kamar naman Sallah, ƙofa a hannun wannan, gado a hannun waccan, wani yana ɓanɓare fitila da haƙori. Na faɗa ruwan da zanina na kamo ɗakin, yana zuwa hannuna ya rabu biyu, ƙananan suka watse, wasu suka nutse, wasu ruwa ya yi gaba da su ina kallo. Na durƙusa ina lalube a cikin laka. Lallen da aka wuni ana yi ya narke yana bin hannuna, zanen ya koma dabbare-dabbare. Yara suka fara kuka wai amarya ta ƙwace musu abinsu, Nafisat ta koma gida da gudu ta ɗebo cincin ɗin biki tana musaya da su, taya ɗaya cincin ɗaya.

Abin da muka samu bai cika kwanon sha ba. Rufin yana ciki, an cire shi daga inda yake, ga sawun haƙori a gefensa. 'Yar macen ma na tsince ta a cikin ciyawa, laka ta rufe mata fuska amma hijabinta yana nan. Direban ne ban gani ba, na duba har wajen gada.

Muka ɓuya a bayan madafi muna kallon hoton da ya taɓa turo min, muna ƙoƙarin mayarwa. Abin da ya ɗauke shi tsawon ciwon mahaifiyarsa, mu muke so mu yi kafin magariba da rabin kaya. Nafisat ta ce a samo gam a liƙe, na ce a'a, na sha jin yana cewa wanda ya sa wa irin wannan gam ya kashe ta. Na ɗauki rufin zan ɗora, har na goce shi da layi ɗaya yadda yake a hoton, sai na kasa dannawa. Ko na mayar da shi daidai, hannuna ne ya danna, ba na mahaifiyarsa ba. A nan na fara kuka na gaske.

Wayata ta yi ƙara a hannun Nafisat. Hoton kantar ne cike da tangaran, ya rubuta, "Yaya ta shiga ganin ɗaki ta turo min wannan." Kafin mu gama karantawa wani ya shigo, "Ina hanya." Sai kuma saƙon murya, ana jin iska da kukan babur, yana cewa, "Kada ki yi kuka, Rauda. Na san kin gaya musu."

Rana ta yi ja lokacin da ya iso. Nafisat ta zagayo da shi ta bayan gida, ƙarƙashin darbejiyar bakin kanal, ta koma gefe tana gadi. Ko wanka bai yi ba, rigar aikinsa ce a jikinsa duk baƙin mai, ƙaiƙayi a gashinsa da girarsa, idonsa ja. Da ya ga zanina a jiƙe da hannuwana, shi ne ma ya fara ba ni haƙuri, wai na ɓata kwalliyata saboda shi.

Ya ce ba ya son tashin hankali ana saura kwana biyu, kuma motoci ba su fi mutunci ba. Amma a gaya wa mutum kada ya taɓa abu, ya sa makulli ya buɗe ya rabar, wannan ba kuskure ba ne, raini ne. Ya ce Yaya Ummukulsum ta riga ta kai wa kawunsu magana, gobe da safe kawun zai zo ya ga Baba. Shi kuwa so yake kawai in kira masa Gwaggo ya gaishe ta, ya yi mata tambaya ɗaya cikin ladabi, me ya yi mata.

Daga cikin gida ina jiyo muryar Gwaggo tana ba wa mata labarin labulena, ana shewa.

Ba zan ɓoye muku ba, wani tunani ya zo min a wurin. In na yi shiru, Gwaggo za ta ce ban gaya mata ba, ni in ce na gaya, kuma ni zai yarda da ni. Kowa ya san ba ta son auren, kowa ya san bakinta. Za a yi 'yar hatsaniya, manya su sasanta, a kai ni ɗakina, ita kuma ta zama muguwar gwaggo a wurinsa har abada, da tasoshinta a kantata. Tunanin ya zo, kuma ya ɗan zauna kafin ya tafi. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Na fito da kwanon daga cikin hijabi na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Ban gaya mata ba," na ce.

Ya ɗago. "Kin manta?"

Kun ga, har ƙofa ya buɗe min. Da na ce eh, wallahi a take zai yafe, ya ce hidimar biki ce.

"Ban manta ba. Ce musu na yi ka daina. Na ce waɗanda suka rage tarkace ne, kana neman yaran da za ka ba."

Ya sa yatsa a cikin kwanon yana juya su a hankali har ya kai ga rufin, ya ɗauko, ya shafa sawun haƙorin da babban yatsansa. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun kafin a sa rana. Ya gyaɗa kai kamar wanda ake gaya wa labarin wani.

"Ashe ba ni Baba ya ba wa ke ba," in ji shi. "Wani ya ba wa, wanda ya daina."

Na fara rantsuwa, na ce tsoro na ji kada a raba mu, na ce don shi na yi, na ce duk abin da mace ke faɗa in an kama ta. Ya bar ni na gama, kamar yadda ya bar ni na gama dariya ranar farko.

"Kunyata kike ji, Rauda?"

A'a tana bakina, ta zo har kan harshe. Amma na tuna yadda nake juya wayata in ya sa hoton mota a sitatus, da yadda na taya ƙawayena dariya wata rana don kada a ce ni ma na zama irinsa. Ƙaryar yau ta ishe ni. Na yi shiru, kuma ya ji shirun.

Ya zaro hankicinsa ya shimfiɗa a kan kujerar babur, ya juye kwanon a ciki. Kafin ya ƙulle sai ya tsaya, ya tsamo 'yar macen, ya hure mata laka, ya gyara mata hijabin da farce. Ya ce in kawo hannu. Na miƙa, ya saka min ita a tafi ba tare da ya taɓa ni ba, sannan ya ƙulle sauran ya sa a aljihun ƙirjinsa.

Ya ce zai gaya wa kawunsa kada ya zo, Gwaggo ba ta yi laifin komai ba, kuma in yi mata godiyar jere.

Na ce, "Asabar fa?"

Ya hau babur ɗinsa, ya ce ana kiran salla, ya bi gefen kanal ya tafi.

Yanzu haka ina ƙuryar ɗakin Umma. An sake kwaɓa lalle, Gwaggo ta gama yi min faɗa wai wace irin amarya ce ke shiga ruwa ranar ƙunshi saboda kayan wasan yara, ta ce in miƙo hannun hagu a fara da shi. Na roƙe ta a bar min na dama tukuna. A tsakar gida ana suyar cincin, ana lissafin motocin da za su kai ni Bunkure. Na tura masa sallama, alama ta nuna ya karanta. Na yi sama da hirarmu har na kai ga hoton nan da ya rubuta fasinja ta shigo, na kalle shi, na kalli tafin hannuna. Ga ta nan da ɗan shuɗin hijabinta, ya sauke ta ya tafi da sauran motar.